Gadar ƙauyenmu: aiki ake yi ko ɗan kwangila ya gudu?

Tambayar da ke bakin kowa a garinmu ke nan, daga majalisar ƙofar masallaci zuwa tashar 'yan acaɓa. 'Yan garin da ke zaune a Kano da Abuja ma in sun bugo waya, kafin su gama gaisuwa sun jefo ta: wai gadar nan ana yi, ko an gudu? Masu cewa an gudu suna da hujja, don an yi wata guda cur ba a ji ƙarar inji a bakin rafi ba. Masu cewa ana yi su ma suna da tasu, an faɗa musu aiki ya wuce rabi. Wanda ya taka da ƙafarsa kuwa, abin da zai tarar bango biyu ne na kankare, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, sai ginshiƙi guda a tsakiyar yashi, rodi ya yi cirko-cirko a kansa.

Garin namu ƙaramin ƙauye ne a Jigawa, cikin kwarin kogin Haɗeja. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama na kamfanin ba, don ƙauyuka da dama a Kano da Jigawa za su ji kamar da su ake. Rafi ne ya raba mu da kwalta, kuma kasuwa da asibiti da sakandare duk suna tsallake. Tsohuwar gadar ta tafi a ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja. Tun daga nan muke fito.

Wadda ruwa ya ci ma ba gada ba ce

A bakinmu komai gada ne. A wurin injiniya akwai bambanci, kuma bambancin ne ke yanke yawan kuɗi da tsawon lokaci. Kwalbati magudana ce da ake binnewa a ƙarƙashin hanya, ko dai bututun siminti da ake jerawa, ko mai siffar akwati da ido ɗaya ko biyu ko uku. Ƙasa ake cikawa a kanta, hanya ta bi ta kan cikon. Gada kuwa ita da kanta ce hanyar: dekin ne a kan ginshiƙai, rafi ya wuce ta ƙasa da faɗinsa. Akwai na uku, daɓen kankare da ake shimfiɗawa a ƙasan rafi, mota ta bi ta cikin ruwa in bai yi yawa ba, in ya cika a zauna a jira ya janye.

Tamu da ta karye kwalbati ce mai ido uku. Wadda ake ginawa yanzu gada ce ta sosai. Mai cewa "ai waccan a rani ɗaya aka fara aka gama" bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗora akuya da raƙumi a sikeli ɗaya.

Daga ƙasa take mutuwa

Da yawa sun ɗauka nauyin mota ne ke karya gada. Yana karyawa, musamman in tifa mai ƙafa goma ta mai da hanyar ƙauye tata. Amma yawancin gadojin karkara ruwa ne ke cinye su, kuma ta ƙasa yake farawa.

Ka ɗauki rafi mai faɗi, ka ce sai ya bi ta ido uku. Gudunsa zai ƙaru, kamar yadda ruwa ke tsartuwa in ka danne bakin tiyo da yatsa. Ruwa mai gudu yana kwashe yashin da ke bakin fita, ya haƙa rami, ramin ya yi ta ci da baya har ya shiga ƙarƙashin harsashi. Ta sama kuma karan dawa da rassan itace da leda suna zuwa su toshe idon. Ruwa ya taru, ya rasa mafita, ya haura ta kan hanya, ya zaizaye cikon da ke gefe da gefe. Shi ya sa za ka ga kwalbati tsaye garau a tsakiyar ruwa, hanyar gabanta da ta bayanta duk babu. Haka tamu ta yi. Kwana biyu tana tsaye ita kaɗai, yara suna nuna ta, a na uku ta kishingiɗa.

Akwai laifinmu a ciki, gara a faɗa. Shekaru ana ɗiban yashi dab da kwalbatin, ta ɓangaren da ruwa ke fita, kuma samarin garinmu ne ke lodi da shebur ana biyan su. Duk tifar da ta tashi, ƙasan rafin ya ƙara zurfi, harsashin da aka binne ya ƙara fitowa fili.

Sai maganar dam. Ko yaushe ruwa ya yi ɓarna za ka ji an ce an saki Tiga. Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, yana kan kogin Kano, na Calawa da aka gama a 1992 yana kan kogin Calawa, su biyun ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su. Rafinmu ba daga can ya taso ba, ruwan sama ne na jejin da ke bayanmu. Alaƙarsa da dam ita ce in babban kogi ya cika maƙil, ƙaramin rafi ba ya samun inda zai zuba, sai ya yi baya ya kwanta a gonaki. Shi kansa kogin yashi ya cike shi, ciyawar kacala ta shaƙe hanyoyinsa ta gabas, ruwan da a da yake wucewa cikin kwanaki yanzu sai ya yi zaman dirshan. Ga kuma yanayi. Yawancin kwalbatocin nan an zuba su ne a shekarun da fari ya addabi ƙasar nan, na farkon 1970 da na tsakiyar 1980. Daga baya ruwa ya dawo, kuma yakan sauko da yawa a lokaci ɗaya. An ɗinka wa rafi riga lokacin da yake rame, ya zo ya yi ƙiba.

Abin da tsofaffi suka riƙe

A nan zan ɗan daɗe, don a ganina nan ne aka fi yin sakaci.

Goggona, yayar mahaifina, daga tsallake aka auro kishiyarta, kuma ita ce ta je ɗaukar amarya. Ta ce a masaki aka haye da su. Babbar ƙwarya ce, mace ta zauna a ciki ta naɗe ƙafa, ɗan fito yana iyo yana tura ta. "Ɗan nan," in ji ta, "amarya kuka take, mu muna ce kukan rabuwa da gida ne, ashe tsoron ruwa ne." Tana faɗa tana dariya har da hawaye. Da na tambaye ta a ina aka shiga ruwan, ba inda gadar take ta nuna ba. Can yamma ta nuna, wajen da yanzu gonakin shinkafa ne. A zamanin, in ji ta, ta nan rafin yake bi.

Bayan masaki aka yi kadarkon giginya. Da kaka, in an gama girbi, mai unguwa zai sa a yi shela, a fito aikin gayya, a kayar da giginya, a jera, a shimfiɗa kirare a bi da ƙasa. Jaki ya wuce, keke ya wuce, marka ta zo ta tafi da shi, baɗi a sake. Kwalbatin da muka tashi muka gani ta zo ne da hanyar burji da aka yi zamanin DFRRI, hukumar da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 don hanyoyi da ruwa da wuta a karkara. Dattawa har yau suna tuna ranar da motar farko ta shigo gari ta kanta, aka bi ta da gudu har ƙofar gidan dagaci.

Mai saurare zai ce hira ce ta tsofaffi, a ji daɗi a tashi. Ni ban ɗauke ta haka ba. Injiniya ba ya zana gada da ka. Sai ya ƙiyasta mafi girman ruwan da ake sa ran zai zo sau ɗaya a shekara 25 ko 50, ya auna tsayi da faɗin gadar a kansa. Manyan koguna suna da wuraren awo, hukumomi irin su NIHSA, mai lura da ruwan kogunan ƙasar nan, suna ajiye alƙaluma. Rafi irin namu babu wanda ya taɓa kafa masa sandar awo. Inda babu alƙaluma, abin da aikin injiniyanci ya tanada shi ne a nemi alamar da ruwa ya bari a jikin itace da bango, a kuma tambayi waɗanda suka daɗe a wurin. Wato kundin rafinmu yana cikin kan mutum huɗu ko biyar, dukkansu sun haura saba'in.

Na ga amfanin haka da idona. Lokacin da masu awo suka zo, akwai wani matashin injiniya da ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku yana leƙe. Kawuna, wanda ya yi fito tun yana saurayi, ya tsaya a gefe da sandarsa yana kallo, bai ce uffan ba. Can yaron ya bar na'urar ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, a saninku ina ruwan nan ya taɓa kaiwa?"

Kawu bai amsa ba, ya juya ya kama hanya, muka bi shi har gindin wata tsohuwar tsamiya da ke kan tudu. Ya ɗora sanda a jikinta daidai gwiwarsa. "Nan, shekarar da Bagauda ta ɓalle." Wato 1988, da dam ɗin Bagauda na Kano ya fashe. Ya ɗaga zuwa cinya. "Nan, shekarar da aka yi ta kwashe mutane zuwa firamare." Da aka yi lissafi da haihuwar wani jikansa, 2001 ce. Sai ya kai sandar ƙugunsa. "Wannan kuma kai ma ka ji labari, ita ce ta ci gadar."

Injiniyan ya sa aka kawo jan fenti, ya ja layi uku a jikin tsamiyar, ya auna kowanne da na'urarsa. Yau in ka tsaya a wurin ka hango bangon da aka zuba, za ka ga kansa ya ɗara layin sama da fiye da kamu biyu. Wannan rarar ba ado ba ce, ita ce za ta bar kututture ya wuce ba tare da ya daki dekin ba.

Ba na cewa duk abin da tsoho ya faɗa a rubuta. Shekaru suna rikicewa, kuma ruwan da mutum ya gani yana yaro kullum ya fi girma a idonsa. Maganin wannan shi ne a tambayi mutum uku daban-daban, a ɗaure kowane labari da abin da aka san shekararsa, rasuwar dagaci ko zaɓe ko haihuwa. Inda bakinsu ya zo ɗaya, a riƙe.

Me ake nufi da "aiki ya wuce rabi"?

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka ne. Sai dai a aikin gada ido yana cutuwa, don abin da ya fi cin kuɗi binne shi ake yi. Kason da jami'ai ke faɗa yawanci lissafin kuɗi ne: a takardar kwangila kowane aiki da farashinsa, haƙa da rodi da kankare da ciko, sai a tara na abin da aka yi a gwada da jimla. A ƙasa mai yashi irin tamu, kafin a ga ko taku ɗaya a sama sai an gwada ƙasa, an yi haƙa mai zurfi ana zuƙe ruwa da inji, wani wurin ma sai an kafa turakun kankare har su taɓa ƙasa mai tauri. Ana iya cinye rabin kuɗi a nan, mai wucewa ya ce ba a yi komai ba. Ana kuma iya ɗora dekin a yi fenti, mai wucewa ya ce an gama, alhali ba a yi ciko da daɓen dutsen da zai kare gaɓa ba, waɗanda rashinsu ne ya kashe ta farko.

Shirun da ake ji a bakin rafi ma iri-iri ne. Akwai shirun kankare. In an zuba shi, ƙa'ida ita ce sai ya kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka zana, kuma a kwanakin farko so yake a riƙa jiƙa shi, balle a zafin bazara ko iskar hunturu da ke busar da shi da wuri ya tsage. Wannan shirun za ka gane shi: katako na ɗaure a jiki, an lulluɓe da buhuna, akwai mai zuwa da tankar ruwa safe da yamma. Akwai shirun damina. Daga Yuni zuwa Satumba ba mai haƙa a cikin rafi, lokacin aiki na gaske daga Nuwamba ne zuwa Mayu. Kwangilar da aka sa wa hannu a Afrilu ta yi asarar shekara tun ba a fara ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai shiru na uku, wanda shi ne abin tsoro: an janye injin kwaɓa, an kwashe rodin da ke ajiye, maigadi ya ce wata uku ba a biya shi ba. Shirun da muka yi a watan jiya na farkon ne, na je na ga buhunan a jiƙe. Wanda muka yi bara na ukun ne, ko da yake daga baya sun dawo.

Hanyar wa ce, kuɗin wa ne?

Hanyoyi a Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Hanyar ƙauye kusan kullum ta ƙaramar hukuma ce, wadda kuma ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a cikinsu. Gada ɗaya tana iya fin abin da ya rage mata bayan albashi. Don haka sai aikin ya faɗa hannun jiha, ko ya shigo a matsayin aikin mazaɓa na ɗan majalisa, ko ta shirin masu ba da lamuni irin RAAMP, shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma hukunci a Abuja daban, siminti a bakin rafi daban. Abu na farko da ya kamata mutanen gari su sani shi ne wa ya ba da aikin, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yana rubuce a allon da aka kafa, in rana ba ta cinye rubutun ba.

Ɗan kwangila ba a ba shi kuɗi duka. Ana ba shi kafin alƙalami, wanda a dokar tarayya ta 2007 bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30. Jihohi kuma kowace da tata dokar. Sauran sai ya yi aiki, injiniyan gwamnati ya auna ya sa hannu, takarda ta bi ofis-ofis, sannan a biya. A ƙarshe akan riƙe wani ɗan kaso har a ga aikin ya ɗau watanni bai nuna aibi ba. Ko'ina takardar ta maƙale, inji ya tsaya.

Ga abin da 'yan kwangila ke kuka da shi, kuma ba duka ne ƙarya ba. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, a Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wasu wurare, rodi da gas ɗin inji suka bi sahu. Wanda ya karɓi aiki da tsohon farashi ko dai ya nemi a sake lissafi, abin da ke cin watanni, ko ya rage siminti a kwaɓi, ko ya sulale. Cikin ukun nan na tsakiyar ya fi muni, don shi ba a ganin sa sai ruwa ya zo. Sai dai mutanen gari ma suna da tasu amsar: mun ga waɗanda suka karɓi kafin alƙalami tun farashi bai motsa ba, suka sayi mota da shi.

Wa ke biyan kuɗin jira?

Manomi ne na farko. Buhun shinkafa ko riɗi da zai je kasuwar Gujungu sai an sauke shi a wannan gaɓa, a biya ɗan dako, a biya kwalekwale, a sake lodi a waccan. Dillali ya san haka, sai ya shigo gari ya taya yadda ya ga dama. Taki kuma in zai shigo, tsadarsa ta ƙaru da kuɗin fito. 'Yan sakandare suna rasa makonni a Agusta da Satumba. Mai naƙuda da dare ita ce abin da ba a son tunawa: a ɗauko ta a amalanke zuwa bakin ruwa, a tashi ɗan fito daga barci, a haska da fitilar waya. Kuma duk wanda ya tuna kifewar jirgin ruwa a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, inda fiye da mutum ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, ya san fito ba abin wasa ba ne.

Faɗuwar wani tashin wani, ba shakka. Samari huɗu suna zura sanduna biyu a ƙarƙashin babur su saɓa a kafaɗa su haye da shi, ruwa iya ƙirji, kuma abin da suke samu ranar kasuwa ya fi na lodin yashi. Ban ga laifinsu ba. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya ce mini shi ya fi kowa son a gama, tun ranar da ya ɗauki matar yayansa a kafaɗa tana naƙuda.

Abin da ya rage a sa wa ido

Dekin zai hau, in Allah ya yarda, tunda an kawo katako da rodinsa. Abin da ya dame ni yana can yamma da gadar, inda Goggo ta nuna. Sabuwar hanyar da za ta hau gadar ciko ne mai tsayi, kuma ta ratsa tsohuwar hanyar rafin, wajen gonakin shinkafa, ba a bar wa ruwa ko bututu ɗaya ba. A 2022 ta nan ruwa ya fara ɓallewa kafin ya kai ga kwalbatin, kowa a gari ya shaida. In aka toshe wurin, ko dai ruwa ya yanke cikon ya bar mana gada tsaye a tsibiri, ko ya koma baya ya shiga unguwar gabas da masallaci.

An rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, an kai wa hakimi da kansila, an ba injiniyan kwafi. Ranar da ya zo karɓa, Kawu ya sake jan sa, wannan karon har cikin gonakin, ya sa aka tona rami iya gwiwa. Ƙarƙashin baƙar laka sai ga farin yashi, irin na tsakiyar rafi. Injiniyan ya ɗebo ya murza a tafin hannunsa, ya ɗauki hoto da waya, ya ce ƙarin kwalbati ba ya cikin takardar kwangila, sai an nemi amincewa daga sama. Kawu ya kakkaɓe hannunsa, ya dubi gabas, ya ce saura wata uku a yi shuka.